Ɗori da Asibiti: Yaron da Ya Ji Rauni Fiye da Ɗaya a Ƙasar Daura

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙashi. Harshensa ma shaida ne, domin ya bambanta karaya da tsagewa, ya bambanta targaɗe da gocewa. Sana'ar ɗori kuwa gado ce. A ƙasar Daura, daga birni har zuwa Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, maɗori yakan ja ƙashi ya daidaita shi, ya jera karare ya ɗaure, ya yi tofi. Yara da yawa sun miƙe a hannunsa.

Akwai dalili. Ƙashin yaro ɗanye ne, sau da yawa yakan tanƙware ya tsage ta gefe ɗaya, kamar ɗanyen reshe. Yana kuma saurin haɗewa: cinyar ƙaramin yaro takan haɗe cikin mako 6 ko ƙasa da haka, ta babba kuwa sai ta ci wata 3 ko 4.

To, amma yaron da mota ta banke a hanyar Kwangwalam, ko amalanke ta bi ta kansa, lamarinsa dabam ne. Idon iyaye yakan tsaya ga ƙafar da ta karkace, alhali abin da ke kisa yana ɓoye: saifa ko hanta ta fashe, ko jini na taruwa cikin ƙoƙon kai. Jinin yaro mai nauyin kilo 20 bai wuce lita ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Abin tsoron shi ne, yana iya rasa kusan sulusinsa yana magana, sa'an nan ya sulale farat ɗaya. Saboda haka likitoci sukan fara da hanyar iska da numfashi, tare da kiyaye wuya kada ya motsa. Daga nan su tsai da jini, su duba kai, kana su waiwayi ƙashi. Banda karayar da ta huda fata, wadda ke bukatar wanki da maganin ƙwayoyin cuta da allurar sandarewar haba ba da jinkiri ba.

Shi kansa ɗaurin yana da haɗari. Gaɓar da ta karye takan kumbura, kara kuwa ba ya buɗawa. Idan ɗauri ya matse, jini ya daina gudana, tsoka takan fara mutuwa cikin awa 6 zuwa 8. Tun 1881 wani likita Bajamushe, Volkmann, ya bayyana yadda hannu ke ƙanƙancewa bayan haka. An fi ganinsa a karayar gwiwar hannu, watau irin ta yaron da ya faɗo daga mangwaro. Alamominsa su ne ciwo mai ƙaruwa, musamman in an miƙar da yatsu, da sanyinsu da dusashewarsu. A al'adance akan ce wa yaro ya daure, ɗori ne ke kamawa. Nan ne jarunta ke cin hannu.

Har ila yau, kusa da kowace gaɓa akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi. In karaya ta ratsa shi, ƙafa na iya gajarcewa ko ta karkace bayan shekaru, don haka ake ci gaba da ɗaukar hoto ko yaro ya fara gudu.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana nesa da Daura fiye da kilomita 100. Yaro mai zubar jini a ciki ba lallai ya kai can ba. Asibiti mafi kusa mai ƙarin jini da tiyata ake fara nufa. In ya farfaɗo, sai a bi ta Kazaure da shi zuwa Dala.