Kuɗin Sa Rediyon Tauraron Ɗan Adam a Motar Manomi

A Amurka akwai manoma da gonakinsu ke nesa da gari ƙwarai, har muryar gidan rediyo ba ta isa can sosai. Domin haka waɗansu kan sa rediyon tauraron ɗan Adam a motocinsu da taraktoci, su riƙa jin farashin hatsi da labarin damina. Kamfanin XM ya fara wannan aiki a 2001, Sirius ya biyo a 2002, sa'an nan suka haɗe a 2008.

Kuɗin kuwa kashi huɗu ne. Na farko akwatin rediyon. Na biyu eriya da wayarta. Eriyar ƙarama ce, ana manna ta bisa rufin mota da maganaɗisu, domin lalle sai ta fuskanci sararin sama. Na uku ladan mai gyara, wanda zai bi da waya ta ƙarƙashin robar gilashi har gaban direba. In rufin tarakta ba na ƙarfe ba ne, maganaɗisu ba ya kamawa, sai an sayi maƙali, kuɗi ya ƙaru. Na huɗu shi ne mafi nauyi, watau kuɗin wata wata. Wanda ya daina biya, rediyonsa ya yi shiru.

To, taurarin nan Amurka da Kanada su ke haskawa. Manomin Kano da ya sayo motar Amurka mai irin wannan eriya kada ya ɓata kuɗinsa wajen gyaranta, ba za ta kama kome ba. Gara ya sayi taki.