Kiɗa Na Tashi, Murya Ta Nutse: Gyaran Sauti Ga Sabon Mai Sutudiyo

Duk mai zuwa biki a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi ya san wannan: an saki waƙar da wani yaron gari ya yi wa amarya, kiɗa na girgiza ƙasa, amma sunan da aka biya kuɗi don a ambata ba ya fita. Sai a ɗora wa makirufo laifi. Sau da yawa matsalar tana wajen haɗa sauti ne, musamman abin da 'yan sutudiyo ke kira EQ.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa guda, abin da ake aunawa da Hz. Kowane layi da aka ɗauka daban, murya, amshi, fiyano, kalangu, yana da wurin zamansa a wannan tsani. EQ shi ne ke rage ko ƙara ƙarfin wani ɓangare. Yana cikin FL Studio da sauran manhajoji, amma sabon hannu ƙari kawai ya sani.

A fara da ragi. A layin murya, a yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100: babu kalma a can, sai rugugin janareto da gurnanin wutar lantarki, wadda a Najeriya take kan Hz 50. Tsakanin 200 da 400 ne sauti ke cushewa, domin fiyano, ganga da murya duk nan suke taruwa. A ɗan rage wa fiyano, ba wa mawaƙi ba. Fitar harafi kuwa tana tsakanin 2,000 da 5,000. Idan an sassauta kayan kiɗa a nan, murya za ta fito ba tare da an ɗaga ta ba. Wannan ya fi komai muhimmanci gare mu, don Bahaushe magana yake saurare a waƙa, kirari da habaici. Mawaƙi Shata da kalangai ya yi zamaninsa, kuma ana jin abin da yake faɗa.

Kada a daɗe ana gyara layi shi kaɗai. A saurare shi cikin sauran. In an gama, a tura waƙar cikin ƙaramar waya, wadda sifikarta ba ta fitar da sauti mai kauri. Idan ba a ji sunan amarya a nan ba, kada a miƙa aikin.