Ƙananan Lambobin da ke Jikin Buhu

Duk wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Madawa ya san Malbaza da farar ƙura da manyan motoci masu jiran lodi. Tun shekarun 1960 ake ƙona dutsen wurin ana yin siminti, sabuwar masana'antar kuma an gina ta ne don ta iya fitar da tan 650,000 a shekara. A kilo 50 kowane buhu, buhu miliyan 13 ke nan. Babu malamin da zai bi wannan tulin da alƙalami yana rubuta ranar da aka cika kowanne. A masana'antun zamani inji ke wannan aikin.

Buhu na tafe a kan bel, wata 'yar na'ura mai ido ta gan shi, sai ta ba injin rubutu umarni. Shi kuwa ba ya taɓa buhun. Tawada yake fesowa ɗigo-ɗigo, ɗigon su haɗu su zama lamba, buhun bai ko tsaya ba. Shi ya sa in ka duba da kyau za ka ga rubutun tsaba-tsaba ne. A kan wasu kwalaben ma ba tawada, hasken leza ke ƙona fatar robar kaɗan, rubutun ya zauna daram.

Rubutu iri biyu ne a jikin kaya, mutane kuwa ɗaya kawai suke kallo. Akwai wanda aka buga tun wurin yin buhun: suna, tambari, nauyi, da lamba irin 32.5 ko 42.5, wadda ke faɗin ƙarfin da simintin zai kai bayan kwana 28 da kwaɓawa. Wannan iri ɗaya ne a kan buhu miliyan. Na biyun shi ne na ranar cikawa, wato kwanan wata da lambar rukuni, kuma a ganina shi ya fi cancantar a duba. Siminti ba ya ruɓewa, amma yana shan laima ta cikin takardar buhun. Buhun da ya yi damina a shago ƙarfinsa ya ragu ko da bai dunƙule ba, don haka magina ke gudun wanda ya wuce wata 3 a ajiye.

Lambar rukuni kuwa kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbarsa ce: in ta yi ɓarna a gona, an san ƙofar da za a je. In bulo ya riƙa marmashewa, da wannan lambar masana'anta za ta koma ga littafinta ta ga gwajin da aka yi wa simintin ranar. In magani ne aka samu da aibu, rukunin nan kaɗai za a janye daga kasuwa.

Mutumin Ƙonni yana da wata wahala tasa. Kasuwarsa na cin kaya daga ɓangare biyu, na Yamai da Kwatano masu Faransanci, da waɗanda suka ƙetaro daga Illela ta Jihar Sakkwato (ba Illelar Tawa ba) masu Ingilishi. FAB da MFD duk ranar yi suke nufi. EXP ranar ƙarewa ce. LOT da BN lambar rukuni. Kayan Amurka kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, sai 03/11 ta zama 11 ga Maris maimakon 3 ga Nuwamba.

Su kuwa layukan nan baƙaƙe masu kama da matsefi da ke jikin kaya, an fara karanta su da na'ura a wani kanti na jihar Ohayo ranar 26 ga Yuni, 1974, a kan ƙunshin cingam. Irin wanda muka fi gani yana da lambobi guda 13. In ya fara da 615, a Najeriya kamfanin ya yi rajistar lambar, amma hakan bai ce can aka yi kayan ba. Ba ya faɗin ranar ƙarewa, ba ya kuma hana jabu, don ko injin hoton takardu zai kwafe shi.

Inda duk wannan ƙoƙari ke watsewa shi ne wurin awo. Lamba a jikin mazubi take, mu kuwa cinikinmu na kwano ne da ƙulli. Mai tebur ya yanke ƙwaya biyu daga katin magani, gefen da ke ɗauke da kwanan wata ya tafi da wani mai saye. Manomin albasa a Galmi ya sayi maganin ƙwari da aka juye a gorar ruwa, ba suna, ba rana, ba lambar amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan feshi. In ganye ya ƙone ko yaro ya sha, likita zai tambayi sunan maganin, ba mai amsa. Haka siminti: buhun da aka zazzage yana da kasuwa, kuma mai son zuciya na iya sake cika shi da abin da ya ga dama, lambar masana'anta na nan a jiki. Buhun asali ba ta baki ake cika shi ba. Ta wata 'yar kafa a kusurwa inji ke ɗura simintin, nauyin garin ya danne ta ta rufe. In ka ga an ɗinke ko an liƙe kafar da hannu, mai yiwuwa an taɓa buhun bayan ya baro masana'anta.