Ɗakin karatu na jama'a da adana tarihin gida: abin lura daga Barmu da arewacin Adar

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna son mu duba wata tambaya da ta shafi masu binciken tarihi da masu nazarin harshe baki ɗaya, wato: wace rawa ɗakin karatu na jama'a zai iya takawa wajen adana tarihin garin da yake cikinsa? Da "ɗakin karatu na jama'a" muna nufin abin da ake kira bibliothèque publique da Faransanci, ko laburare a Nijeriya: wurin da hukuma ta tanadi littattafai domin kowa, ba domin ɗaliban makaranta guda ba.

Mun ɗauki Barmu a matsayin misali saboda matsayinta. Gari ne da ke arewa maso gabas da Tawa, ba nisa da iyakar noma ta arewa wadda dokar 1961 ta shata, kuma kasuwarsa ta daɗe tana haɗa manoma Hausawa da makiyaya Abzinawa da Fulani. A irin wannan wuri tarihi ba baki ɗaya gare shi ba, haka nan ba harshe ɗaya ba. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa an riga an tattara kaso mai yawa na tarihin Adar, amma an ajiye shi nesa da masu shi, kuma ayyukan da ɗakin karatu ke shiryawa tare da jama'a su ne hanya mafi sauƙi ta maido da shi gida da ci gaba da tattara sauran.

2. Inda tarihin Adar yake ajiye

Ana iya kasa madogaran tarihin Adar gida huɗu.

Na farko shi ne tarihin baka. Kowane dangi yana riƙe da labarin inda kakanninsa suka fito, da zangon da suka yi a hanya, da wanda ya sari daji, da wanda ya gina rijiya ta fari. Akwai kuma kirarin sarakuna da waƙoƙin makaɗa, da sanin da ke hannun maƙera da mahalba da ƴan bori. Jama'a suna ƙirga zamani da manyan abubuwan da suka auku: yunwar 1913-1914 da ake kira Kakalaba, farin 1973-1974, da yunwar 1984-1985 wadda a wurare da dama aka laƙaba wa sunan El-Buhari.

Na biyu shi ne rubuce-rubucen Larabci da ajami. Tarihin sarautar Agadas na daga cikin madogaran labarin Agabba, ɗan Sarkin Abzin, wanda ya karɓe Adar daga hannun Kabi a 1674, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Illela. Gidajen malamai, musamman wajen Abalak, suna riƙe da takardun da suka shafi jihadin Muhammad al-Jilani a farkon ƙarni na 19. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH, wanda asalinsa tarin da Bubu Hama ya yi ne, yana da kundaye wajen 4,000 daga sassa daban-daban na ƙasa da maƙwabta.

Na uku shi ne takardun mulkin mallaka: rahotannin rangadi na kwamandoji, ƙidayar jama'a da ta dabbobi domin haraji, da bayanan naɗin sarakuna. Waɗannan suna warwatse tsakanin ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence a Faransa.

Na huɗu shi ne binciken zamani. A shekara guda, 1975, jerin Études Nigériennes ya fitar da littattafai biyu da har yanzu su ne ginshiƙi: L'expérience du passé na Nicole Echard, wanda ya bi tarihin talakawa manoma dangi-dangi, da L'Adar précolonial na Djibo Hamani, wanda ya haɗa rubutattun madogara da tarihin baka domin fayyace tarihin sarauta. A wannan shekara kuma aka buga tarihin Kel Dinnik na Ghubayd Alojaly a Kofanhagan, da Tamajak da Faransanci. Bernard Caron ya bayyana Adaranci a 1991, Benedetta Rossi kuma ta buga nazarinta a kan bauta da ƙwadago da ayyukan raya karkara a Adar a 2015, da Ingilishi.

Abin da za a lura da shi a nan shi ne, kashi na farko ne kawai yake zaune a ƙauyukan da labarin ya shafa, kuma shi ne ke raguwa duk lokacin da aka yi jana'izar wani dattijo. Yawancin sauran suna nesa, cikin harsunan da akasarin Adarawa ba sa karantawa. Jikan mutumin da ya ba mai bincike labari a shekarun 1960 da wuya ya taɓa ganin shafin da aka rubuta maganar kakansa.

3. Tsarin ɗakunan karatu da muka gada

Tunanin ɗakin karatu na jama'a ya shigo Afirka ta Yamma ne ta hannun hukumomi. UNESCO ta fitar da sanarwarta a kan wannan batu a 1949, ta kuma shirya taron Ibadan a 1953 domin yaɗa shi a nahiyar. A Nijar ana iya bambanta tsari uku.

Akwai gidajen matasa da al'adu na manyan garuruwa, irin na Tawa mai ɗauke da sunan Albarka Cibau. Ƙarfinsu ya fi karkata ga wasan kwaikwayo da kiɗa da tarurruka.

Akwai ƙananan ɗakunan karatu na ƙauye da ma'aikatar yaƙi da jahilci ta kafa domin kada waɗanda suka koyi karatu su mance shi. Wannan ma'aikata, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1960, ita ce ta buga jaridun karkara irin su Sabon Ra'ayi da Ganga. Wannan tsari ne ya fi kusa da harshen jama'a, sai dai ya dogara ga ayyukan tallafi masu wa'adi, kuma idan wa'adi ya cika akan bar akwatin littattafai ga gara.

Akwai kuma cibiyoyin karatu da raya al'adu da aka sani da CLAC. Hukumar ACCT, wadda aka kafa a Yamai ranar 20 ga Maris 1970, ita ce ta ƙirƙiro su. An buɗe na farko a Benin a 1986, daga baya suka bazu zuwa ƙasashe kimanin 20, har da Nijar. Tsarin nasu yana da hikima: gari ya ba da gini da masu kula, gwamnati ta sa ido, hukumar waje ta kawo littattafai da kayan kallo da na wasanni, kuma akan haɗa cibiyoyi kamar goma su riƙa aiki tare. Amma mafi yawan littattafan na Faransanci ne, mafi yawan masu zuwa kuma ƴan makarantar boko.

Idan muka dubi tsarin nan uku, za mu ga an gina su ne domin su kawo ilimi daga waje zuwa gari. Tattara ilimin da ke cikin garin bai zama babban aikin ko ɗaya daga cikinsu ba. An bar wannan ga cibiyoyin Yamai: IRSH, da cibiyar tarihin baka da aka kafa a 1968 wadda ta koma CELHTO ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Alhali kuwa sanarwar UNESCO da IFLA ta 1994 ta lissafa tallafa wa adabin baka cikin ayyukan ɗakin karatu na jama'a, ta 2022 kuma ta ƙara da adana sanin gida da buɗe shi ga jama'a.

4. Ayyukan jama'a a matsayin hanyar adanawa

Sau da yawa akan ɗauki tarurrukan da ɗakin karatu ke shiryawa a matsayin abin jan hankali kawai, adana tarihi kuma aikin ƙwararru. A wuri irin Barmu ba za a iya raba su ba, domin madogarar tana cikin bakin mutane, kuma ba ta fitowa sai an yi zama. Ga ayyuka huɗu da muke ganin ƙaramar hukuma za ta iya ɗauka.

4.1. Zaman karatu a bayyane. A fassara zaɓaɓɓun shafuka na Echard da Hamani zuwa Hausa da Tamajak, a karanta su gaban dattawan da abin ya shafa, a ɗauki martaninsu. Wannan zama yana maido da abin da aka ɗauka, yana kuma haifar da sabuwar madogara, domin gyara da musu da ƙarin bayanin da za a ji su ma tarihi ne. Dabarar ba baƙuwa ba ce: ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962 sun yi aiki da ita, wato a saurara tare, a yi muhawara, a ɗauki murya.

4.2. Ɗaukar murya da hannun ɗalibai. Wayar salula ta sauƙaƙa aikin da a da sai da rakoda da kaset. Abin da ke mai da ɗauka ta zama madogara shi ne takardar bayanin da ke tare da ita: sunan mai magana da danginsa, wuri da rana, harshe, wanda ya yi tambaya, waɗanda suka halarta, da sharaɗin da mai magana ya gindaya. Wajen rubutawa kuma a bar Adaranci yadda aka furta shi, kada a mai da shi daidaitacciyar Hausa, domin karin harshen kansa abin adanawa ne.

4.3. Kalandar gari. A tara mutane su jera sunayen shekaru, yunwa da annoba da fara da naɗin sarauta da ginin rijiya, a daidaita su da shekarun miladiyya da na hijira. Wannan kalanda ita ce ma'aunin da za a auna sauran labarai da shi.

4.4. Hoton takardun gida. Wasiƙu, takardun haraji, hotuna, rubutun malamai, da kaset-kaset ɗin da ƴan ci-rani suka riƙa aikowa daga Abijan da Legas da Libiya duk madogara ne ga tarihin ƙarni na 20. Ƙa'idar da shirin ceton takardu na babban laburaren Birtaniya yake bi tun 2004 ta dace a nan: asali ya zauna inda yake, kwafi ne kawai ke tafiya.

Dole a lura da lokaci da kuma jinsi. Da damina kowa yana gona, da rani kuma majiya ƙarfi da dama sun tafi biɗa, saboda haka bayan girbi ne lokacin zama. Haka nan tarihin aure da haihuwa da abincin yunwa yana hannun mata, kuma ba a dandali za a same shi ba, sai an shirya musu zamansu tare da mata masu tambaya.

5. Matsalolin da ba za a kauce musu ba

Matsala ta farko ita ce tarihi abin faɗa ne. Tun bayan dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da haƙƙin mallakar ƙasa na gargajiya, labarin wanda ya fara sarar daji ya zama hujja a rikicin gona da burtali da rijiya. Haka nan maganar asali: ko da yake dokar 2003 ta sa bauta cikin manyan laifuffuka, ambaton asalin wani gida yana iya ɓata aure ko takara. Domin haka ɗakin karatu bai kamata ya zama kotu ba. Aikinsa ya ajiye kowace ruwaya da sunan mai ita, ko da sun saɓa wa juna, ya kuma mutunta wanda ya ce kada a saurari maganarsa sai bayan ransa.

Ta biyu ita ce lalacewar kaya. Zafi da ƙura da gara suna cin takarda da kaset. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa na'urorin karanta kaset suna gab da ƙarewa. Katin waya ma ba abin dogara ba ne. Mafita ita ce kwafi uku a wuri uku: ɗaya a gari, ɗaya a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka ƙirƙiro a 2010, ɗaya kuma a IRSH.

Ta uku ita ce ɗorewa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka sa rai cewa su ne za su ɗauki nauyin al'adu, amma kasafinsu ƙarami ne. A watan Maris 2025 Nijar ta bayyana ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, magajiyar ACCT. A watan nan kuma sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matakin farko ya sa dole a nemi abin riƙon ɗakunan karatu a gida. Na biyu ya ƙara bukatar abin karantawa da Hausa, tare da nauyin kula da Tamajak da Fulfulde, domin tarihin Barmu da aka tattara da Hausa kaɗai rabin tarihi ne.

6. Kammalawa

Mun nuna cewa abin da ya fi damun tarihin Adar shi ne nisan da ke tsakanin madogara da masu ita, kuma ɗakin karatu na gari shi ne wurin da ya fi dacewa a rage wannan nisa. Ba a bukatar babban gini: ɗaki mai kulle, akwatin ƙarfe, faifan hasken rana, rajista, da mutum guda da aka horar kuma ake biyansa sun isa a fara.

Sauran nauyin yana kanmu, malamai da ɗaliban jami'a. Muna ba da shawarar sassanmu su sa sharaɗi cewa duk wanda ya yi bincike a wani gari ya ajiye kwafin muryoyin da ya ɗauka, da taƙaitawar aikinsa cikin harshen mutanen, a garin da ya ba shi labari. Muna kuma ganin lokaci ya yi da za a ɗauki fassarar littattafan 1975 zuwa Hausa a matsayin aikin digiri mai cikakkiyar daraja. Shekara 50 sun wuce tun da aka buga su, kuma waɗanda za su iya gyara abin da ke cikinsu suna ƙara ƙaranci kowace shekara.