Google da Sabbin Hanyoyin Tambaya: Ina Barazanar Take?

 Yau za mu duba kamfanin Google, wanda kusan duk mai wayar zamani a nan Keffi yake yawo da shi a aljihu, mu ga ko akwai abin da zai iya raba shi da sarautar bincike a intanet.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa shi a shekarar 1998, Google ya yi ta bunƙasa har ya zamana kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ta hannunsa yake bi. Da yawa sun ɗauka kotu ce za ta karya wannan ƙarfi. A watan Agustan 2024, alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba, bayan an nuna cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga kamfanoni irin su Apple da Samsung don su sa shi ya zama zaɓin farko a wayoyinsu. Amma da aka zo batun ladabtarwa a Satumbar 2025, alƙalin bai tilasta masa sayar da manhajarsa ta shiga intanet, Chrome, ba. A ganina, babbar barazanar ba a zauren kotu take ba, tana cikin yadda mutane suka sauya salon neman amsa.

Ku leƙa Angwan Lambu, inda ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa suke haya. Ɗalibin da aka ba aikin gida, maimakon ya yi ta buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya yana ƙona data, sai ya jefa tambayarsa ga ChatGPT, wanda ya fito a Nuwambar 2022, ko ga Meta AI da aka saka a WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2024. Budurwar da ke neman sabon yayin ɗinki TikTok take nufa. Ɗan kasuwar da ke son jin farashin buhun riɗi kuwa saƙon murya yake turawa zauren abokan sana'arsa, kafin ya gama shan shayi an ba shi amsa. Shi kansa Google ya san da haka, domin a 2022 wani babban jami'insa, Prabhakar Raghavan, ya bayyana cewa kusan kashi 40 na matasa a Amurka, idan suna neman wurin cin abinci, TikTok ko Instagram suke dubawa. Mafi yawan kuɗin Google daga tallan da ke rakiyar sakamakon bincike yake fitowa, saboda haka duk tambayar da ta bi wata hanya asara ce a gare shi.

A wajenmu masu magana da Hausa, akwai wani rauni na daban. Aikin Google shi ne ya nuna maka inda aka rubuta abu, mu kuma yawancin iliminmu a baki yake. Kuɗin mota daga Keffi zuwa Mararaba a yau, ko ranar da doya ta fi sauƙi a kasuwa, ko bakaniken da ya iya gyaran inji, duk ba su cika samuwa a rubuce ba. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, ya kuma ƙara ta cikin bincike da murya a 2024, amma jin tambaya daban, samun amsarta daban. Duk kamfanin da ya riga sauran fahimtar Hausar baka da sanin al'amuran unguwa, shi zai kwashe miliyoyin mutanen da karatun Turanci bai zame musu jiki ba.

Wani zai ce ai an yi gaggawar yanke hukunci, tun da Google ne mai Android ɗin da ke cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix, shi ne mai YouTube, ga shi kuma da tasa ƙirƙirarriyar basirar mai suna Gemini. Wannan gaskiya ne, kuma ba na cewa gobe zai durƙushe. Sai dai idan Google ya riƙa ba da amsa kai tsaye, mutum ba shi da dalilin latsa talla ko shiga shafin wanda ya rubuta bayanin, ka ga yana sare reshen da yake zaune a kai. Kuma girma bai hana Nokia da BlackBerry faɗuwa a idonmu ba. Wani kuma zai ce waɗannan sabbin manhajoji suna shirga ƙarya, don haka jama'a za su dawo. Suna yi kuwa, har su ƙirƙiro sunan littafin da babu shi. Amma mai ƙarancin data da lokaci sauƙi yake bi, kuma nan ne abin ya fi damuna, domin Google aƙalla yana nuna maka majiyoyi ka auna, ita kuwa amsa guda ɗaya karɓa kawai ake yi.

Don haka raunin Google ba lallai ya zama nasararmu ba. Kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, shi ne hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. Abin da ke hannunmu shi ne malamai da ɗalibai da 'yan jarida su dage da rubuta ilimi cikin Hausa mai inganci, tun daga tarihin Abdu Zanga da kafuwar Keffi har zuwa dabarun noma da kiwon lafiya, domin daga abin da aka rubuta kowace manhaja take ɗebo amsa. Mu kuma masu tambaya, duk amsar da ta shafi lafiya ko addini ko dukiya, mu kai ta gaban masaninta kafin mu yi aiki da ita.