Dokar Gasar 'Yan Kwangila: Abin da Ya Kamata Wakilan Jihohi Su Duba

Duk sa'ad da Majalisar Dokokin wata jiha ta ɗauko shirin doka a kan yadda za a riƙa ba da kwangilar gine-ginen Gwamnati, akasarin mutane sukan ɗauka zance ne na manya da 'yan kwangila, ba ruwan talaka. Alhali kuwa babu wanda abin ya shafa kamarsa. Kuɗin da za a kashe na baitulmalinsa ne, ajin da za a gina ɗansa zai zauna a ciki, gadar da za a yi kuwa shi zai bi ta kanta da kayansa ran kasuwa. Mu da aikinmu ya ke horon malamai da zagaya makarantun lardi, muna ganin ƙarshen kowace kwangila da idonmu, mai kyau da maras kyau. Sabo da haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin wannan al'amari, don in an zo jin ra'ayin jama'a kowa ya san abin da zai ce.

YADDA GASAR TA KE

Kowa ya san gwanjo. Ana sa kaya a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi tsada shi a ke sallama wa. To, gasar kwangila gwanjo ce aka juya. Gwamnati ce mai saye, 'yan kwangila su ne masu sayarwa, wanda ya yarda zai yi aikin yadda a ke so a kan kuɗi mafi sauƙi shi ke samu.

Da fari injiniyoyin ma'aikata za su zana ginin, su ƙididdige siminti da rodi da katako da kwanon da zai ci. Sa'an nan a yi shela a jaridu, a yanka rana. Kowane ɗan kwangila ya rubuta tayinsa, ya liƙe ambulan, ya jefa a akwati mai makulli. Ran da wa'adi ya cika a buɗe akwatin a gaban kowa, a karanta suna da farashi da ƙarfi, a rubuta. Asirin abin duka yana nan: kada wani ya san tayin wani kafin a buɗe, kada kuma a karɓi tayi bayan an rufe.

INDA AKA FITO

Ƙasarmu ta sha wuya kafin ta koyi wannan darasi. Manya ba su manta da rikicin siminti na 1975 ba, sa'ad da ma'aikatun Gwamnatin Tarayya suka yi odar miliyoyin tan fiye da bukatarsu, ɗaruruwan jiragen ruwa suka cushe tashar Ikko wata da watanni, ana biyan kuɗin jira, simintin kuwa yana daskarewa a cikinsu. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, Gwamnati ta haɗa kai da Bankin Duniya aka bincika yadda a ke ba da kwangila. Bayan binciken ne aka kafa wani ofishi na bin diddigin farashi a 2001, wanda Obiageli Ezekwesili ta yi suna wajen shugabancinsa. Ran 4 ga Yuni, 2007, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan Dokar Sayayya da Kwangilolin Gwamnati, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja.

Dokar nan ta 2007 ta ce gasa a fili ita ce hanya, sauran hanyoyi sai da dalili. Ta ce a yi shela a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema mako shida. Ta ce a gayyaci 'yan sa ido guda biyu, ɗaya daga ƙungiyar masu sana'a, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta. Ta kuma yanka hukunci mai tsanani: ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara ga wanda ya yi maguɗi, kamfani kuwa a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, ya biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Amma fa dokar ta Gwamnatin Tarayya ce. Ba ta hawa kan aikin jiha sai in kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa, ko fiye, daga asusun Tarayya ya fito. Watau ke nan kowace jiha sai ta yi tata. Ikko ta yi a 2011, Kaduna ta yi a 2016. A 2018 Bankin Duniya ya fito da wani shiri na dala miliyan 750, inda jiha za ta sami lada in ta cika wasu sharuɗɗa, ciki har da yin dokar kwangila da buga sunayen waɗanda aka ba aiki. Wannan ya sa jihohi da yawa suka yi sabuwar doka ko suka gyara tsohuwa. Gyara kuwa ba ya ƙarewa, don farashi yana sākewa, masu dabara kuma ba sa barci.

ARAHA BA TA ADO

Abu na fari da mu ke roƙon wakilai su duba shi ne ma'anar "mafi sauƙi". Mu ɗauki misali. Injiniya ya ƙiyasta ginin azuzuwa a kan Naira miliyan 20. Na fari ya taya 21, na biyu 19, na uku 12. In doka ta ce mafi araha kawai, na uku ya ci. To, daga ina zai fid da miliyan 8 ɗin nan, har ya sami riba? Daga jikin ginin zai fid da su. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo kaɗan masu ƙarfi sai a matse shi ya ba da ninki. Harsashi ya zama taƙi ɗaya, katako ɗanye ba magani, kwano kamar takarda. Ko kuwa ya karɓi aikin, in ya kai rabi ya dawo ya ce kaya sun yi tsada, a ƙara masa.

Mun sha isa makaranta bayan hadarin farko na damina mu tarar iska ta kwashe rufin ajin da ko shekara biyu bai yi ba, yara suna zaune gindin darbejiya, malamin da muka yi shekaru muna horarwa yana neman inda zai jingina allo. Don haka dokar Tarayya ta ce mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharaɗi, bayan an auna su. Ya kamata dokar jiha ta faɗi wannan ɓaro-ɓaro, ta kuma ba kwamiti iko ya tambayi mai tayin da ya faɗi ƙasa ƙwarai yadda zai yi aikin, in bai ba da hujja ba a ajiye tayinsa, a rubuta dalili.

ƘOFOFIN DA A KE BI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ta fari ita ce yanka aiki. Kowace doka tana da iyakar kuɗin da in aiki bai kai ba, shugaban ma'aikata na iya bayarwa ba tare da cikakkiyar gasa ba. Sai a ɗauki makaranta ɗaya a raba ta kwangila goma, kowace ƙasa da iyakar. Ta biyu ita ce gaggawa. Gaskiya ne in ambaliya ta cinye gada ba a jiran mako shida, amma aikin da aka san da shi tun farkon shekara aka yi sakaci, ba gaggawa ba ne. Ta uku ita ce haɗin baki, mutum ɗaya ya kawo tayi uku da sunan kamfani uku, ko 'yan kwangila su shirya a ɓoye, yau naka gobe nawa. Maganin wannan shi ne doka ta tilasta a bayyana ainihin masu kowane kamfani.

Ta huɗu ita ce kuɗin kafin alƙalami. Dokar 2007 ta tsai da shi a kashi 15 cikin ɗari, gyaran 2020 ya kai shi 30 ga 'yan kwangilar gida. Ko nawa jiha ta zaɓa, kada kobo ya fita sai da takardar lamuni ta banki ko ta kamfanin inshora, don in mutum ya karɓa ya gudu a san wanda za a kama.

HAKKIN ƊAN KWANGILA

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daidai ba ne a ɗora laifi duka a kan 'yan kwangila. Mutumin da ya ci bashin banki ya gama aiki, aka bar shi shekara yana sintiri a ofis, gobe in zai taya sai ya sa kuɗin jiran a cikin farashi. Dokar Tarayya ta ce in biya ya wuce kwana 60 sai a biya da ƙari, ta kuma hana a ba da aikin da ba a ware masa kuɗi ba. Jihohi su yi koyi. Haka nan a ba wanda ya faɗi hanyar kai ƙara cikin kwanaki ƙididdigaggu. A kuma tuna da ƙananan magina na garuruwanmu: in aka cika musu takardu da kuɗin fom, gasar za ta koma ta attajirai uku ko huɗu, gasar mutum uku kuwa da wuya ta rage farashi.

DOKA A TAKARDA

Dokar 2007 ta tanadi wata majalisa ta ƙasa da za ta riƙa lura da sha'anin kwangila, amma aka shafe fiye da shekara goma ba a kafa ta ba. Wannan ya ishe mu ishara. Hukumar da Gwamna zai iya sallamar shugabanta da safe in ta ƙi sa hannu da dare, ba za ta tsare kome ba. Sai a ba shugabanta wa'adi, a ba ta kuɗin aiki, a sa ta kai rahoto ga Majalisa kowace shekara.

Mu ma da namu aikin. Tun daga dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, kashi 2 cikin ɗari na asusun Tarayya ana ware shi don makarantun firamare da ƙananan sakandare, jiha kuma ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Kaso mai tsoka na kuɗin nan a gini ya ke ƙarewa. Muna roƙo a rubuta cikin doka cewa kowane aiki a kafa masa allo mai sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar gamawa, da Hausa da Turanci. A ba hedimasta da kwamitin iyayen yara kofe na takardar aikin, kada kuma a biya kuɗin ƙarshe sai an ji ta bakinsu. Su ne ke wurin kullum, su ke ganin buhu nawa aka sauke.

Jama'a, in Majalisar jiharku ta kira zaman jin ra'ayi a kan irin wannan doka, kada ku bar wa 'yan kwangila zauren. Malamai da dagatai da shugabannin sana'a su je, su nemi a karanta musu shirin, su tambayi wakilinsu abin da ya ce a kan abubuwan da muka lissafa. Dukiyar jama'a amana ce, za a kuwa tambayi kowa abin da aka ba shi tsaro. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe ta, amin.