Kukan Tsuntsaye a Kiɗan Okestira: Hanyoyi Uku na Fassara Shi

1.0 Gabatarwa

A maganar yau da kullum Bahaushe bai cika cewa tsuntsu yana waƙa ba. Abin da ya fi sani shi ne tsuntsu kuka yake yi, zakara kuma cara. Amma wannan kuka ba na hawaye ba ne, magana ce, shi ya sa ake cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mutanen Turai kuwa, a da yawa daga cikin harsunansu, kalmar da suke ba mawaƙi ita suke ba tsuntsu. Ba mamaki ke nan da masu tsara kiɗansu suka daɗe suna ƙoƙarin shigar da muryar tsuntsu cikin kiɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana hanyoyi uku da aka bi wajen yin haka, ta kuma nuna cewa kowace daga cikinsu fassara ce, mai riba da asara irin na kowace fassara.

2.0 Okestira da Kakar Kiɗanta

Okestira ƙungiya ce ta makaɗa da mabusa waɗanda yawansu kan kai 80 zuwa 100 a manyan birane. An kasa su rukuni huɗu: masu kayan tsirkiya, watau dangin goge manya da ƙanana, masu kayan busa na itace, dangin sarewa da algaita, masu kayan busa na tagulla, dangin begila da kakaki, sa'an nan masu ganguna da sauran kayan bugu. Jagora ɗaya ke tsayawa gabansu yana daidaita su da hannu ko da ɗan siririn sanda. Kowane makaɗi yana da rubutun abin da zai kaɗa a gabansa, domin a wannan al'ada kiɗan rubutacce ne, kuma mai tsara shi dabam yake da mai kaɗa shi.

Irin wannan ƙungiya tana aiki ne bisa kaka. A Turai da Amurka kakar kiɗa takan fara wajen watan Satumba ta ƙare wajen Mayu ko Yuni. Akan buga jadawalin tun watanni kafin a fara, masu sha'awa su sayi tikitin kujerunsu na jerin darare. Domin a ɗaure jadawalin wuri ɗaya, sau da yawa akan zaɓi jigo guda, kamar teku, ko yaƙi, ko tunawa da haihuwar wani mai tsara kiɗa. Kukan tsuntsaye yana cikin jigogin da ake komawa gare su, saboda akwai ayyuka na kusan shekara 300 da za a zaɓa daga ciki.

3.0 Hanya ta Farko: Ishara

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce a ɗauki ɗan guntun kukan da kowa ya sani, a gyara shi ya dace da kiɗan. Antonio Vivaldi, mutumin Benis ta Italiya, ya yi haka a aikinsa kan lokutan shekara huɗu, wanda aka buga a Amstadam a 1725. A kashin da ya shafi fitowar toho bayan hunturu, goge uku ne ke amsa wa juna kamar tsuntsaye a kan reshe. A kashin lokacin zafi kuwa ana jin kurciya, da kuma tsuntsun da ake kira kuku, wanda sunansa daga kukansa aka samo shi.

Misalin da ya fi shahara shi ne simfoni na shida na Ludwig van Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana ranar 22 ga Disamba, 1808. A ƙarshen kashi na biyu okestira takan yi shiru, a bar kayan busa kaɗai. Sarewa ta ɗauki muryar wani ɗan tsuntsu mai rera kukansa da dare, wanda a nan za a kira shi mawaƙin dare. Obo, watau 'yar'uwar algaita, ta ɗauki muryar salwa. Kilarinet biyu kuma su ɗauki ta kuku. Beethoven da kansa ya rubuta sunayen tsuntsayen uku a cikin rubutun kiɗan, amma ya gargaɗi masu sauraro cewa abin da yake nufi shi ne bayyana abin da zuciya ke ji a ƙauye, ba zana hoto ba.

A nan tsuntsu alama ce kurum. An sa shi ya bi ma'aunin kiɗan mutane, ya shiga inda aka ce, ya fita inda aka ce. Wannan ya yi kama da yadda mutane a al'adu da yawa kan sa wa kukan tsuntsu kalmomin harshensu: abin da ake ji maganar mutum ce da aka ɗora wa tsuntsu.

4.0 Hanya ta Biyu: Rubutawa

Wanda ya ɗauki al'amarin da gaske fiye da kowa shi ne Bafaranshen nan Olivier Messiaen, wanda aka haifa a 1908, ya rasu a 1992. Yakan fita daji tun kafin asuba da takarda da fensir, yana rubuta kukan tsuntsaye da alamomin kiɗa, kamar yadda mai nazarin harshe kan zauna gaban mai magana yana rubuta sautukansa. Ko a lokacin da yake fursunan yaƙi a sansanin Jamusawa da ke Görlitz, aikin da ya tsara wa makaɗa huɗu, wanda aka kaɗa a can ranar 15 ga Janairu, 1941, da kukan tsuntsayen asuba ya buɗe.

A 1953 ya fito da Réveil des oiseaux, watau farkawar tsuntsaye, na piyano da okestira. An gina shi ne da kukan tsuntsaye iri 38, an jera su bisa sa'o'in da suke kuka daga tsakar dare zuwa tsakar rana. Tsakanin 1956 da 1958 ya tsara Catalogue d'oiseaux, kashi 13 na piyano kaɗai, wanda ya ƙunshi tsuntsaye iri 77 na Faransa, kowane kashi da wurin da aka ji tsuntsun. A Chronochromie na 1960 akwai inda masu kayan tsirkiya 18 ke kaɗawa lokaci guda, kowa da tsuntsunsa, babu mai jiran wani. Wannan wuri ya harzuƙa masu sauraro da yawa a farkon fitowarsa.

Wahalar wannan hanya daga halittar tsuntsu take. Maƙogwaron muryarsa yana can ƙasa, inda hanyar numfashi ta rabu biyu zuwa huhu, don haka waɗansu tsuntsaye suna iya fitar da sauti biyu a lokaci guda. Kukansu ya fi na kayan kiɗa sauri da tsini, kuma tazarar da ke tsakanin sautukansu takan fi ƙanƙanta bisa wadda piyano ke iya bambantawa. Messiaen bai ɓoye abin da yake yi ba. Yakan sauko da sautin ƙasa zuwa inda kayan kiɗa ke kaiwa, ya rage saurin, ya faɗaɗa ƙaramar tazara ta kai mafi ƙanƙantar tazarar piyano, sa'an nan ya faɗaɗa sauran gwargwadon haka domin siffar kukan ta tsaya yadda take. Launin muryar kuwa, yakan kwatanta shi ta hanyar haɗa sautuka da yawa wuri ɗaya.

Duk wanda ya taɓa fassara waƙa daga wani harshe zai gane wannan. Ba a iya ɗauko kome da kome. Sai an zaɓi abin da za a riƙe. Messiaen ya saki ainihin sautin domin ya riƙe dangantakar da ke tsakanin sautuka. Irin wannan zaɓi ne mai kalangu ke yi idan ya saki baƙaƙe da wasula, ya riƙe hawa da saukar murya da tsawon gaɓa, amma mai sauraro ya gane kirarin.

5.0 Hanya ta Uku: Naɗi

Hanya ta uku ita ce a kawo muryar tsuntsun kanta. Ottorino Respighi ya yi haka a Pini di Roma, wanda aka fara kaɗawa a Rum ranar 14 ga Disamba, 1924. A ƙarshen kashi na uku ya umarta a sa faifan garmaho mai ɗauke da kukan mawaƙin dare, goge na binsa a hankali. A 1972 Einojuhani Rautavaara na Finlan ya tsara Cantus Arcticus domin bikin ba da digiri a Jami'ar Oulu, ya yi amfani da kukan tsuntsayen da aka naɗa a fadamun arewacin ƙasar, ya mai da su kamar su ne manyan mawaƙa, okestira kuma 'yan amshi.

Za a zaci a nan babu fassara, amma akwai. Wani ne ya zaɓi tsuntsun da minti nawa za a ji shi, ya raba shi da dajinsa, ya shimfiɗa masa sautukan da za su sa mai sauraro ya ji bege ko natsuwa. A kashi na biyu na aikin Rautavaara ma an rage saurin naɗin har muryar ɗan ƙaramin tsuntsu ta yi kauri ta zama wata aba dabam. Tsuntsun kuwa abin da yake faɗi shi ne iyakar gidansa da neman abokiyar zama. Bege na mutum ne.

6.0 Ina Tsuntsayen Suke?

Akwai abin lura game da ranakun da aka ambata. Beethoven da Respighi duka a watan Disamba aka fara jin ayyukansu, lokacin da babu kuku ko mawaƙin dare a dazukan Biyana ko Rum. Waɗannan tsuntsaye, da kurciyar Turai, da salwa mai yawa, masu ƙaura ne. Idan sanyi ya matso sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a Afirka, waɗansu a yankin Sahil da dazukan Afirka ta Yamma, kuku kuma yakan zarce har tsakiyar nahiyar. Fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi suna cikin masaukan tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Ke nan mafi yawan kakar kiɗa tana faɗawa ne a watannin da masu muryar ba sa nan. Dawowar kuku ga manomin Turai kamar dawowar shamuwa ce ga manomin ƙasar Hausa: albishir ne na canjin lokaci.

Wannan rashi ya fara wuce na 'yan watanni. A Ingila, yawan kurciyar Turai ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1970, saboda canjin hanyoyin noma, da farauta a kan hanyar ƙaura, da lalacewar masauki. Mai sauraron Vivaldi na zamaninsa ya san kurciyar kafin ya ji gogen. Da yawa daga cikin masu sauraron yanzu gogen suka sani, ba su taɓa jin kurciyar ba.

7.0 Kammalawa

Hanyoyin nan uku, ishara da rubutawa da naɗi, sun bambanta wajen kusancinsu da asali, amma babu wadda ta kuɓuta daga hannun mai fassara. Binciken W. H. Thorpe a Kambirij a shekarun 1950, da na Peter Marler a Kalifoniya a shekarun 1960, sun tabbatar da cewa waɗansu tsuntsaye koyon kukansu suke yi daga manyansu, har suna da karin harshe daga yanki zuwa yanki. Masu iya magana da suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi sun riga sun hango haka. Abin da ya rage ga masu nazarin harshe da al'adun Hausa shi ne tattara sunayen tsuntsaye, da kalmomin da ake sa wa kukansu daga wannan kari zuwa wancan, tun masu sanin su suna raye, tsuntsayen kuma suna zuwa.